Babi na Shida: Kalmalo, Tafkin da Ruwansa ke Tsallako Iyaka

Duk wanda ya san Illela, da kasuwa ya san ta. Ranar Lahadi, tun kafin hantsi ya dubi ludayi, manyan motoci sun jeru a bakin kara, shanu da raƙuma da tumakin Adar sun tsallako daga Nijar, ana sauke wake da gero, ana lodin albasa. 'Yan canji na lissafin naira da sefa, 'yan kabu-kabu kuma ba su da hutu tsakanin garin da Birnin Ƙonni. Daga Sakkwato tafiyar kamar kilomita 85 ce, ta Kware da Gwadabawa, kuma galibin hanyar abin da ido ke gani jigawa ce da gonakin gero, sai gawo da aduwa jefi-jefi. Babu abin da zai kawo wa baƙo tunanin jirgi ko koma. Don haka mai karatu yana da dalili in ya tambaya me ya shigo da Illela cikin littafin da ke bin garuruwan bakin ruwa.

Abin da ya shigo da ita Kalmalo ne. Yamma da garin, tafiya kaɗan, akwai ƙauye mai wannan suna, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar, kuma a gefensa tafkin yake kwance, ko kuma a ce gurbinsa, gwargwadon shekarar da ka je da watan da ka je. Na sa shi a gaba da manyan tashoshi irin su Yawuri saboda a nan ne mutum zai ga abin da ke samun garin bakin ruwa idan ruwan ya fara janye jiki, ya kuma ga cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ruwan Kalmalo ba na Najeriya ba ne tun asalinsa. Daga duwatsun Adar yake fitowa, can cikin jihar Tawa ta Nijar. Idan damina ta sauka a kan waɗannan tuddai, ruwan ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi, sai ya gangaro ta ƙoramu ya haɗu a kwarin Majiya, ya nufo kudu maso yamma, ya ratsa ƙasar Ƙonni, ya tsallako iyaka. A Kalmalo tafiyarsa ke ƙarewa. Majiya ba kogi ba ce mai gudu shekara zagaye, 'yan watannin damina kawai take aiki, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Abin da ta zubo a wannan ɗan lokaci shi tafkin zai riƙe har wata daminar, alhali rana da iskar hunturu suna ɗiba, ƙasa tana sha, manoma da dabbobi suna nasu. A irin wannan yanki, ruwan da rana ke ƙafarwa daga saman tafki a shekara ya ninka wanda sama ke zubarwa sau da yawa. Tafki mai faɗi marar zurfi a irin wannan wuri ba shi da ajiyar da zai jure rani biyu a jere. In aka rage masa abin da ke shigowa, ko kaɗan ne, sai an gani a bakin gaɓa.

Wanda bai taɓa zama kusa da tafkin Sahel ba zai ɗauka kifi ne kawai amfaninsa. Kifin yana nan, kuma irin wanda ya saba da wahala ne: tarwaɗa, wadda ke iya numfashi a ruwan da ya kusa zama taɓo, da karfasa mai saurin hayayyafa, sannan gaiwa. Gaiwa ta fi kowa sanin halin wurin. Idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo, kuma masu sani sukan bi busasshen tafki da fartanya su tono ta. A tafkunan ƙasar Sakkwato da Kabi kayan aikin masunta kusan iri ɗaya ne: homa da gora ga mai shiga ruwa, birgi ga mai jifa daga gaɓa ko daga kan kwale-kwale, kalli da ake shimfiɗawa a kwana, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da taru wanda sai an taru ake jansa. Akwai kuma doka, wadda ta girmi ma'aikatar kifi ta kowace gwamnati. A al'adar wannan ƙasa ba kowane lokaci ake faɗa wa tafki ba. Sarkin ruwa ne ke rufe shi idan kifi na ƙwai, shi ke sa ranar su, a yi shela, maƙwabta su zo da homarsu, a fitar da rabon mai gari da na waɗanda ba su iya shiga ruwa. Masana kiwon kifi na zamani sun zo sun tarar hikimar da suke koyarwa a jami'a, ta barin ruwa ya huta, tsofaffi sun daɗe da ita.

Bayan kifi sai gaɓar kanta. Kullum ruwa na ja da baya yana barin danshi, manomi na biye da shi da dankali da rogo da wake da kabewa, gaba kaɗan kuma masu jigo da rijiyoyin fadama suna ba albasa da tattasai da tumatir ruwa. Fulani da Buzaye suna sauko da dabbobi idan mashayun arewa sun ƙafe. Mata na tsinkar bado, suna yankan ciyawar tabarma, suna banda kifi. Masu gini na ɗibar laka. Tsuntsaye ma da rabonsu: kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da belbela, da waɗanda ke tsallako hamada daga Turai su yi hunturu a nan. Ana iya lissafa buhun albasa, a san kuɗinsa. Waɗannan ƙananan hanyoyin abinci kuwa ba wanda ke rubuta su, shi ya sa idan tafki ya mutu ba a taɓa faɗin ainihin girman hasarar.

Wannan yanki ba baƙon tarihi ba ne, kuma kusan kowane babban lamari da ya faru a cikinsa da ruwa a gindinsa. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Ƙonni suka zauna. An haife shi a Maratta a 1754, ya yi zaman karantarwa a Degel, wadda ke kudu da nan wajen Gwadabawa, daga can ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Babban gumurzun farko tsakanin jama'arsa da rundunar Sarkin Gobir Yunfa, a watan Yuni na wannan shekara, a bakin wani tafkin aka yi shi, Tafkin Kwato, domin a wannan ƙasa inda ruwa yake nan runduna ke sauka. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sun bar arewacin Sakkwato da ƙarancin jama'a, har zuwa lokacin da Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya kafa Gwadabawa ya shiga zaunar da mutane a wannan shiyya. A watan Mayun 1899 kuma ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya auka wa Birnin Ƙonni ya yi kisan da har yau ba a manta ba.

Ita kanta iyakar da ta raba Illela da Ƙonni, zancen ruwa ne ya ajiye ta inda take. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun ɗora tsinken zane a kan Sakkwato suka ja da'ira mai nisan mil 100, duk abin da ke ciki na Ingila. Da haka Ƙonni da rijiyoyinta suka faɗo ɓangaren Ingila, Faransawa kuma suka tarar hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ta bi ta inda babu abin sha. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904, aka turo layin kudu domin su samu hanya mai rijiyoyi. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi. Layin ya bar Majiya kusan dukkanta a hannun Faransa, ya bar wa Ingila ƙarshenta, wato Kalmalo. A lokacin ba wanda ya damu, tunda babu mai iya tare kogi. Sai da aka shekara saba'in kafin a gane abin da aka yi.

Fari ne ya fara. Wanda aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, sun girgiza Sahel gaba ɗaya. Tafkin Cadi, wanda a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya tsuke har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, tashar Baga ta wayi gari ruwa ya yi mata nisa. Gwamnatocin ƙasashen biyu suka ɗauki darasi iri ɗaya tun daga farin farko: kada a sake dogara da sama kaɗai, a tare ruwa, a yi noman rani. Najeriya ta gina madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka gama a 1978, ta gina ta Goronyo a kan Rima, aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Nijar ma ta duba abin da take da shi. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 ta datse Majiya a Mozage da Zango, ta ja ruwan ta doguwar hanya zuwa matattarar Cerasa, ta shimfiɗa filin noman rani na Ƙonni mai faɗin fiye da hekta 2,400 a ƙarƙashin hukumar ONAHA. Dubban iyalai suka samu gonar alkama da dawa da albasa da auduga. Ruwan da ya saba wucewa ya zube a Kalmalo, yanzu sai madatsun sun ƙoshi sannan ragowar ta tsallako. A shekarar da aka yi ruwa sosai ragowar na da yawa, tafkin ya farfaɗo. A shekarar da aka yi ƙamfa, babu ragowa. Ga kuma rairayi da laka da ambaliya ke kwasowa daga tuddan da aka sare wa itace, suna cike madatsun a can, suna cike gindin tafkin a nan. Aikin noman rani na gwamnati da ke Kalmalo, wanda ake ambata tare da na Wurno da na Kware cikin tsofaffin ayyukan jihar, ya dogara ne kacokan da tafkin, don haka abin da ya sami uwar ya sami ɗan.

A nan ne nake rabuwa da masu ba da labarin kamar Nijar ce ta yi wa Najeriya fashin ruwa. Manomin Ƙonni da ke ban-ruwa daga Mozage ɗan'uwan na Kalmalo ne, sau da yawa ma ɗan'uwa na jini, kuma farin da ya kore shi zuwa ga madatsa shi ne ya ci dabbobin wancan. Sannan duk abin da za mu ce an yi mana a Majiya, mun yi irinsa a gabas. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake tasowa, ya shiga Nijar ta Jibiya, ya shayar da fadamun Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkato ya dawo gida ta wajen Sabon Birni ya zama ruwan Rima. Da aka datse shi a Jibiya wajen farkon shekarun 1990, mutanen Maraɗi sun yi irin kukan da mutanen Kalmalo suka yi. Nijar kuma ta fara gina madatsar Kandaji a kan Kwara, sama da Yamai, masu kula da madatsar Kainji suna zuba ido. A kan wannan iyaka kowa na sama da wani a wani kogin, kowa na ƙasa da wani a wani.

Gwamnatocin biyu sun san haka. Tun 1971 suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, kuma a ranar 18 ga Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci. Ta ambaci kwaruruka huɗu da sunansu: Majiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Ta tanadi a riƙa auna ruwa, a riƙa musayar bayani, kada ɗaya ya fara aikin da zai taɓa rabon ɗaya sai an yi shawara. Na karanta abubuwa da dama da aka rubuta kan rabon ruwa tsakanin ƙasashe, kuma wannan takarda ba ta da abin kunya a cikinsu. Abin da ya rage mata shi ne a ga aikinta a bakin gaɓa. Masuncin Kalmalo ba ya buƙatar taron ministoci, yana buƙatar ya san cewa idan Mozage ta cika za a saki wani abu, kuma ya san yaushe. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da rufe iyakar da ya biyo baya har zuwa Maris na 2024, zancen ruwa ya ƙara komawa baya, domin gwamnatocin da ba sa ga-maciji kan tsaro ba za su zauna kan tafkin ƙauye ba. Abin ya dame ni, don kuwa mutanen da ke gefe biyu na layin ba su taɓa daina gaisawa ba.

To, mai son zuwa ya gani da idonsa, ya zo bayan damina, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da in akwai ruwa yana nan, tsuntsaye sun sauka, an fara dashen albasa. Wanda ya zo a watan Afrilu zai ga wani abu dabam, kuma shi ma abin gani ne: ƙasa ta tsattsage, an haƙa rijiyoyi a cikin gindin tafkin, ƙananan injuna na jan ruwa zuwa fangalin lambu, shanu na kiwo inda kwale-kwale ya taɓa bi. Kada a wuce kai tsaye zuwa bakin ruwa da kyamara a hannu. A fara da ƙofar mai gari, a cire takalmi, a ce "Ranka ya daɗe, baƙi ne, mun zo ganin tafki," shi zai haɗa ka da wanda zai raka ka. In ka sami dattijo a gaɓa yana gyaran koma, "Baba, sannu da aiki" ta isa ta buɗe hira, kuma tambayar da ta fi kowace amfani ita ce ya nuna maka inda ruwa ke kaiwa lokacin yana yaro. Zai nuna maka wata bishiya ko wani tudu, ka auna da idonka.

Wajibi ne in faɗi wannan ma: yankin na fama da 'yan bindiga. Ƙauyukan Illela da Gada da Tangaza da Gudu sun sha hare-hare da satar mutane a 'yan shekarun nan. Kada a yi tafiyar dare, kada a bar babbar hanya ba tare da ɗan gari ba, kuma a tambayi halin da ake ciki a ranar da za a tashi, ba a makon da ya wuce ba. A haɗa ziyarar da ranar kasuwa. Kara ta Illela na cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso yamma, kuma a cikin gari za a sami cukun Buzaye da dabino da kilishi da albasar da ta yi suna da garin Galmi, mai launin shuɗi-ja, wadda ake kaiwa har Akara da Abijan. Mai takardun tsallakawa ya kwana uku ya ci kasuwar Ƙonni ranar Laraba, ya roƙi a kai shi ya ga hanyoyin ruwan filin noman rani. Sai ya ga ɓangarorin biyu zai fahimci labarin.

Wanda kuma ke son ganin tafki da ransa, daga nan hanyoyi biyu ne. Ta arewa, bayan Tawa a kan hanyar Agadas, akwai Tabalak, inda matafiya ke tsayawa su ci soyayyen kifi a bakin titi a tsakiyar ƙasar makiyaya. An sa tafkin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a 2005. Ta gabas akwai Madarunfa kudu da Maraɗi, tafkin da ake cewa kaburburan waliyyai 99 na kewaye da shi, ana kai musu ziyara.

Amma gadon jirgi na gaske a wannan ƙasa yana kudu, tare da Kabawa da Sarkawa. Sarkawa jikokin Sorko ne, masuntan Kwara waɗanda daular Songai ta dogara da jiragensu wajen yaƙi da jigila. Lokacin da Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna a Surame, wadda kufanta ke nan yamma da Sakkwato da ganuwarta ta dutse, fadamar Rima ce ƙarfinsa, har ana ba da labarin wani babban jirginsa da aka lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya ƙasarsa a ciki idan ruwa ya cika. Abin da ya rage na wannan zamani a raye shi ake nunawa a Argungu. Bikin kamun kifi a sigarsa ta yau ya faro ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Jama'a sun fi sanin ranar ƙarshe, da dubban mutane ke rugawa cikin ruwan Matan Fada da homa da gora. Ni kuwa ranar kabanci ta fi burge ni: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. A nan ake ganin ilmin da uba ke koya wa ɗa, wanda in ruwa ya tafi shi ma ba ya daɗewa. Gidan tarihi na Kanta, a tsohuwar fadar garin, yana ajiye da makamai da kayan su na da.

Daga Argungu a gangara ta Jega da Koko zuwa Yawuri. Nan ce tashar da ta amsa sunanta. Tun kafin Turawa, fataken goro masu zuwa Gwanja suna ƙetare Kwara a wannan yanki, kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun sauka a Yawuri a 1830 suna neman takardun matafiyin nan Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa a 1806. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da dama na Gungawa, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni, Yawuri ta koma gari a kan tafki. Ka tsaya a bakin tashar da safe ka ga dogayen jiragen katako masu inji suna ɗaukar buhuna da babura da awaki da mata masu kwandunan banda zuwa Rofiya da Warra da Malale. Za ka ga giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, da yauni da kurungu da ragon ruwa, da warangi, ƙananan kifayen nan da ake shanyawa a rana a auna da mudu. Bikin Rigata, da masarautar ke shiryawa, tseren jirage ne da wasannin ruwa na Gungawa.

Wannan rayuwa tana da tsadarta, kuma ba zan ɓoye ta don in ƙawata tafiya ba. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse kusa da Warra, 'yan kaɗan ne suka tsira. A Afrilun 2022 mutum 29, galibinsu yara da matasa, suka nutse a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato. Dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsohon katako, kututturan itatuwan da tafki ya rufe, tafiyar dare, babu rigar ruwa. Baƙo ya nemi rigar kafin ya taka jirgi, in ya ga an cika shi har ruwa na lasar baki, ya jira na gaba.

A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela ta ƙare a Badagiri a bakin teku, kilomita 1,068, ta ratsa jihohin Kabi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun. Nijar ba ta da teku, kayanta ta tashoshin jiragen ruwan maƙwabtanta suke shigowa, don haka in hanyar ta tabbata Illela za ta ƙara zama ƙofar da kayan jirgin ruwa ke bi zuwa Tawa da Agadas. Za a gina rumbuna da tashoshin mota da masaukai, jama'a za su ƙaru, kuma duk za su sha ruwa daga ƙarƙashin ƙasar da Majiya da Kalmalo ke ciyarwa. Kuɗin kilomita ɗaya na wannan hanya zai isa a kafa ma'aunin ruwa a inda Majiya ke tsallako iyaka, a yashe bakin tafkin, a dasa itatuwa a tuddan da ke zubo masa rairayi. Irin wannan dashe ba sabon abu ba ne a kwarin: tun 1975 manoman Majiya ta sama, wajen Buza, suka fara jera layukan dogon yaro don tare iska, kuma aikin ya yi suna har ana zuwa daga wasu ƙasashe a koya. Sarakunan gargajiya na Illela da na Ƙonni suna halartar bukukuwan juna da jana'izar juna, ƙungiyoyin manoman albasa na ɓangarorin biyu kuma suna ciniki kowane mako. Su ne suka fi cancanta su fara zama kan ranar da za a riƙa sakin ruwa daga Mozage, su kai wa hukumar da ke Yamai abin da suka daidaita a kai.